Fararen Haƙora da Ɓarin Goron Hamma

Ni mai cin goro ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, don gadonsa na yi. Mahaifinmu goro yake sayarwa a kasuwar Sunkani. Na buɗe ido na gan shi yana kwance huhu, yana ware ja da fari, yana yayyafa ruwa a kan algarara, buhun da yake lulluɓe goron da shi, kada rana ta busar masa da kaya. Mu biyu ne maza a gidan: ni da yayana, wanda ya girme ni da shekara bakwai. Hamma nake ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a wajenmu, har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Akwai wata al'ada da mahaifinmu ya kafa a gidansa. In muka yi faɗa ni da Hamma, ba ya duka, ba ya tambayar wa ya fara. Sai ya kira mu gabansa, ya ɗauki goro ɗaya, ya sa farcen babban yatsa ya raba shi biyu, ya miƙa wa kowa ɓari. Dole ka taune naka a nan inda kake tsaye, har ya ƙare. Ba a tofarwa, ba a sawa a aljihu. Wanda ya sa nasa a aljihu ya nuna cewa faɗan bai ƙare ba a wurinsa. Sau ɗaya na gwada haka ina ɗan shekara goma, saboda ɗacin ya ishe ni kuma ina ganin ni ke da gaskiya. Kwana uku mahaifinmu bai amsa gaisuwata ba. Daga ranar ban sake ba.

Na yi karatu, na samu aikin gwamnati, na zauna a Jalingo, na gina gida a Kachalla Sembe. Hamma ya zauna a Sunkani da gonarsa da 'yan shanunsa, da kuma mahaifiyarmu, Dada, bayan rasuwar tsoho. Da ciwo ya kwantar da Dada, ni na je na ɗauko ta na kawo ta asibiti a Jalingo, Hamma bai so ba. Ta rasu da sassafe wata ranar damina. Hamma yana can wata gona mai nisa, waya ba ta shiga. Dattawan unguwa suka ce a ɗan jira zuwa Azahar, na ce addini ya ce a gaggauta, aka yi mata sutura da hantsi. Hamma ya iso muna wanke laka a hannu. Ya dube ni a gaban jama'a ya ce na binne uwarmu kamar yadda nake rufe fayil a ofis, ya ce na zama ɗan birni, ƙauye da mutanensa sun zame mini abin kunya. Ni kuwa ba a faɗa mini magana in haɗiye. Na ce da ya damu da ita da ya biyo ta asibiti. Ya juya ya tafi, ko zaman makoki bai yi a gidana ba.

Shekara huɗu muka yi a haka. Sai dai saƙon gaisuwa ta bakin wani, da Sallah ko in an yi haihuwa. Har yanzu ina ganin batun binnewar za a iya yi mini uzuri, amma abin da bakina ya faɗa ba shi da uzuri, na kuma san haka tun a ranar. Girman kai ne kawai ya hana ni hawa mota in je.

Sai autata ta kawo miji. Ta gama karatunta, ta zaɓi wani malamin makaranta mai hankali, ba mu da abin cewa sai fatan alheri. Da aka sa rana, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce tana da buƙata biyu. Ta farko, Bappanta ne zai ba da aurenta, wato Hamma. Wannan ba ma sai ta roƙa ba, don a wajenmu uba ba ya ba da 'yarsa da kansa alhali yayansa yana raye. In Hamma bai zo ba, sai dai liman ko wani maƙwabci ya tsaya, kuma duk wanda ya halarta zai san gidanmu a rabe yake. Na aika masa da goron gayyata ta hannun wani ɗan'uwanmu mai mota. Amsar da ta dawo gajeriya ce: ya ce ya ji. Zai zo ko ba zai zo ba, babu wanda ya sani.

Buƙata ta biyu kuwa, sai da ta yi 'yar dariya kafin ta faɗa.

"Baba, hoto za a ɗauka, kuma mai hoton zai ce kowa ya yi murmushi."

"To, ni aka hana murmushi?"

"Ba a hana ka ba, Baba. Amma ka duba madubi."

Na duba. Shekara talatin da wani abu na goro suna nan a jere, daga ja sai ruwan ƙasa, wasu wuraren har sun yi baƙi a gindi. Uwargidana ta ce ai ita ta daɗe da daina gani. Na ce zan je a wanke. Gaskiyar magana, na yi saurin yarda ne saboda batun Hamma ya fi ƙarfina, wannan kuwa abu ne da zan iya yi in gama.

Ranar Litinin ta makon bikin na shiga keke napep na tafi wani asibitin haƙori da ke wajen unguwar Sarkin Dawaki. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi autata da yawa ba, 'yar kudancin jihar nan, tana Hausarta irin tamu ta Jalingo wadda ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace ba. Ta kwantar da ni a kujera, ta haska fitila, ta leƙa bakina ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan goro ta yi shekara nawa a nan?"

"Ta girme ki," na ce.

Ta yi dariya, ta ce amma haƙoran suna da ƙarfi, babu rami ko ɗaya, dasashi ne kawai yake ɗan kumburi. Na ji daɗin wannan fiye da yadda na nuna. Sai ta ɗauko wani ɗan allo mai jerin haƙoran roba, daga mai fari fat har zuwa mai duhu, ta kara a bakina. Nawa ya wuce na ƙarshen. Ta ce ba komai, ta ga irinsa da yawa.

Daga nan ta zauna ta jera mini hanyoyin da ake bi. Akwai wanki, a kankare dattin da ya daskare a goge da inji, wannan kowa ya kamata ya yi, kuma shi kaɗai zai cire fiye da rabin jan. Akwai wanda za a auna bakina a yi mini wata roba daidai haƙorana, in riƙa zuba magani a ciki ina sawa a gida na wajen mako biyu, a hankali farin yake fitowa, kuma bai cika sa tsami ba. Akwai wanda ake yi a nan kan kujera, a shafa magani mai ƙarfi a haska masa fitila, cikin awa guda mutum ya tashi da fararen haƙora. Akwai kuma na ƙarshe, a ɗan kankare gaban haƙori a liƙa masa sabuwar fuska, amma ta ce wannan ba ta ba ni shawara ba, ba a taɓa lafiyayyen haƙori saboda hoto.

"In ni ne, Baba, ka yi wanki yau, sai ka ɗauki na gida. Shi ya fi sauƙi wa mutum kamar kai."

"Bikin ranar Asabar ne. Na fitilar nake so."

"Tana da sharaɗi fa. Bayan an yi, kwana biyu haƙori yana shan kala kamar farin yadi. Babu goro, babu shayi, babu miyan manja, babu zoɓo. Kuma ruwan sanyi zai dame ka."

Na ce mata na yi azumin wata guda sau fiye da arba'in a rayuwata, kwana biyu ba za su gagare ni ba. Ta ce to, a yi wankin yau, dasashi ya huta, in dawo Alhamis. Na lissafa da yatsa: Alhamis da yamma, Juma'a, Asabar da yamma. Ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya na safe, hoto bayansa. Na ga lissafin ya fita daidai, haƙoran za su shiga hoto suna sabbi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, mutumin da ya zaɓi kwana biyun da aka hana shi goro su faɗa kan bikin 'yarsa, bai yi tunani sosai ba.

Ranar Alhamis aka yi. Aka sa mini wani abu ya buɗe leɓuna, aka rufe dasashi, aka ba ni baƙin tabarau, na kwanta baki a wangale kamar busasshen kifi, ina jin wani ɗan tsami yana ratsa haƙoran lokaci zuwa lokaci. Da aka gama ta miƙo mini madubi. Na kalli bakina a ciki. Rabon da in ga wannan bakin tun ina makarantar sakandare. Ta sake kara allon nan, ta nuna mini inda na taso da inda na kai, ta maimaita sharaɗin sau biyu tana ɗaga yatsa. Na ce na ji, ni ba yaro ba ne.

A gida autata ta tafa hannu ta kira ƙawayenta su zo su ga Babanta. Uwargidana ta kalle ni sama da ƙasa.

"Malam, auren 'yarka za a yi, ba naka ba. Ka dai tuna."

Daren nan farar shinkafa da madara na ci, gida kuwa cike da ƙamshin suya da miyar biki. Ruwan randa ma sai da aka sirka mini da na zafi, don kurɓa ɗaya na yi na ji kamar an soka mini allura har cikin ƙwaƙwalwa. Amma ban karaya ba. Ranar Juma'a na tafi masallaci ina gaisawa da mutane da dukkan bakina. Wani abokin aikina na da ya riƙe hannuna ya ce ko dai na je Saudiyya ne an sauya mini. Duk wanda ya zo yi mini murna sai ya miƙo goro, ni kuma in karɓa da hannu biyu in gode in jefa a aljihu. Wannan ba laifi ba ne a wurin kowa, haka ake yi. Kafin La'asar aljihun babbar rigata ya yi nauyi, ni kuwa ina ta yaba wa kaina.

Sai dai duk wannan murmushin, kunnena yana bakin ƙofa. Duk keken da ya tsaya sai na leƙa in ga mai saukowa. Na riga na yi wa liman magana a asirce cewa ya zama cikin shiri, ko da hali ya yi. Ban gaya wa autata ba.

Bayan La'asar ina zaune a gindin mangwaron ƙofar gida, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, sai keke ya tsaya. Wani dattijo ya sauko a hankali, da sanda da 'yar jaka. Sai da ya ɗago na gane Hamma ne. Ya rame, gemun ya yi fari gaba ɗaya. Na miƙe da sauri har hulata ta kusa faɗuwa, na ce jaɓɓama, wato sannu da zuwa, na karɓi jakar, na shimfiɗa masa darduma. Mutanen da ke wurin suka gaisa da shi, ɗaya bayan ɗaya suka samo dalilin tashi, suka bar mu mu biyu.

A lokacin ne na ji haƙoran nan sun yi mini nauyi a baki. Mutumin da ya ce na zama ɗan birni, ga shi ya zo ya same ni da bakin da ko a birnin ba kowa ke da shi ba. Na riƙa gaishe shi leɓe a tsuke, ina tambayar gona da shanu da iyali, yana amsawa a gajarce, kansa a ƙasa. Amma ba a gaisuwa baki a rufe. Ya ɗago ya dube ni.

"An gyara baki."

"Yarinyar ce ta matsa, Hamma. Saboda hoto."

"Ya yi kyau," ya ce. Ban gane ko yabo ne ko wani abu ba.

Na shirya maganganu da yawa cikin shekara huɗu, ko ɗaya ba ta zo ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙyalle mai danshi, ya kwance. Goro ne guda ɗaya, ja, babba, irin wanda tsoho yake warewa gefe ba ya sayarwa. Ya sa farcen babban yatsa ya raba shi biyu, ya miƙo mini ɓari.

Daidai nan autata ta fito da ruwa, ta durƙusa ta gaishe da Bappanta. Ta ga abin da ke hannuna. Ta san sharaɗin likita, don ita ta riƙa tsare ni tun jiya, amma ba ta san al'adar gidan kakanta ba, ban taɓa ba ta labarin ba. Ta ɗan girgiza mini kai, ta nuna aljihuna da ido. Aljihun yana nan cike da goron mutane, ɓari ɗaya ba zai ƙara masa nauyi ba.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba, don ban yi ba. Na jefa shi a baki na gatsa. Zafin da ya ratsa ni sai da hawaye ya cika mini ido, haƙoran nan kamar an kunna musu wuta. Na ci gaba da taunawa. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu, ta tashi ta koma ciki ranta a ɓace.

Ina jira in ga Hamma ya sa nasa a baki, sai na ga ya sake laluba aljihu. Ya fito da magogi, ɗan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, irin wanda tsofaffi marasa haƙora suke goga goro a kai. Ya ɗora shi a tafin hannu ya fara gogawa. Sai a lokacin na kalli fuskarsa da kyau. Kumatun sun lotsa, leɓen ya shige ciki. Na yi ta kallon idonsa ina neman fushi, ban lura da bakinsa ba.

"Hamma, yaushe?"

"Shekara biyu ke nan. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta girgiɗi suna fita. Uku suka rage, su ma ba sa aiki."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ka tambaya ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ina nan ina zaɓen irin farin da nake so a jikin allo, ɗan'uwana yana nisan tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga gidana, haƙoransa suna zubewa, ban sani ba. Na matsa kusa na karɓi magogin daga hannunsa. Bai hana ni ba. Na goge ɓarin nan tas, na tattara garin na zuba masa a tafin hannu, ya watsa a baki yana mamula, ni ina tauna nawa, har muka gama. A gidanmu in an kai nan ba a ƙara magana, amma ni na ga akwai saura.

"Hamma, da na jira ka zuwa Azahar. Abin da na faɗa maka kuma, ƙarya ne, kai ka riƙe Dada shekara da shekaru. Ka yafe mini."

Ya karkaɗe hannunsa a jikin riga.

"Ni ma na faɗi wadda ta fi ƙarfin laifin. Gobe ƙarfe nawa ne?"

"Sha ɗaya."

"To, a nemo mini wanda zai goge mini riga."

Washegari shi ya zauna a gaban liman ya ba da auren 'yata, da muryar da ba ta fita sosai amma kowa ya ji. Tunda na riga na karya sharaɗi, da aka raba goron ɗaurin aure ma na ci abina, na sha shayi, na ci tuwo da miyar manja. A hoton bakina ya fito wani iri, ba fari ba, ba kuma irin na da ba. Amarya ta yi mini fushin kwana ɗaya, har sai da uwarta ta ba ta labarin kakanta da ɓarin goro, sannan yarinyar ta kira ni a waya tana kuka tana dariya.

Ban bar Hamma ya koma Sunkani ba. Ranar Litinin na sa shi a keke muka tafi asibitin. Likitar na ganina ta ce in buɗe baki. Na buɗe. Ta riƙe ƙugu.

"Baba, ka ci goro."

"Na ci, kuma zan ƙara. Yau ba don ni na zo ba. Ga yayana."

Ta duba shi a hankali, ta ce dasashin zai iya riƙe haƙoran roba, za a auna yau, a gwada bayan 'yan makonni. Hamma ya saurara har ta gama, sannan ya yi tambaya ɗaya, ko irin waɗannan haƙoran suna tauna goro. Ta ce in ya yanka ƙanana, ya bi a hankali, za su yi. Ya gyaɗa kai. Sai ta ɗauko allon nan mai jerin haƙora ta riƙe a gabansa, ta ce ya zaɓi launin da yake so, daga mai fari fat har zuwa mai duhu.

Hamma ko kallon allon bai yi ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna bakina.

"Ki yi mini irin na ƙanena," ya ce.